Ina ƙwaron wake yake shan ruwa?

Shekarar da na fara ajiyar wake, buhu shida na saya da kaka a hannun wani ɗan'uwan maiɗakina da ke noma wajen Gidan Rumji. Lissafina irin na malamin makaranta ne wanda albashi ba ya kai shi ƙarshen wata: in saya tiya tana araha, in rufe ɗaki, in buɗe gab da shuka sa'ad da ta yi tsada. Na jera buhunan bisa katako a ɗan ɗakin da ke bayan zaure, na danna kwaɗo, na shiga harkokina.

Wani dare cikin watan Maris aka ɗauke wuta, zafi ya kore mu daga ɗaka, na shiga ɗakin ajiyar neman tsohuwar tabarma. Unguwa ta yi tsit, ba fanka ba rediyo. Sai na ji wata ƙara siririya, kamar ana zuba yashi a hankali bisa takarda. Na kara kunne jikin buhu. Daga ciki take fitowa. Na kwance bakin, na tura hannu, na ji ɗumi, ɗumin da ya fi na ɗakin, kamar na sa hannu ƙarƙashin kaza mai kwanci. Da na haska fitilar waya, kowace ƙwayar wake da hujinta, wata biyu, wata huɗu, zagayayyu tsaf kamar an huda da basilla. Ƙananan ƙwari masu ruwan ƙasa suna hawa damtsena, suna faɗowa, suna sake hawa.

Ba zan faɗi nawa na sayar da waken nan ba. Mai kiwon tumaki ne ya kwashe, shi ma sai da ya yi mini tayin raini. Inna, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar Baba, ta leƙa buhun ta taɓe baki.

"Kai ɗan nan, duk bokon naka ba a gaya maka toka ba? Mu haka munka iske uwayenmu: wake, toka, wake, toka, a liƙe bakin tulu da laka. Mi ya kai ka zuba shi tsirara?"

Ban tanka ba. Abin da ya fi hasarar tsaya mini a rai shi ne tambayar ɗiyata ta biyu, lokacin tana ƴar shekara tara. Ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya ta ciza, ta ji ta da tauri kamar tsakuwa, ta ce: "Baba, to su ina suke shan ruwa?"

Ilimin halittu nake koyarwa a kwaleji, shekara da shekaru ɗalibai suna ce mini Mushe, wato Malam da Faransanci, amma na tsaya ina kallonta. Ɗakin a kulle yake wata huɗu. Tun Oktoba sama ba ta ɗiga ba. Hunturu ya busar da komai har leɓen mutum ya tsage. Ga dubban rayuka sun ƙyanƙyashe, sun girma, sun yi aure sun hayayyafa cikin abin da haƙori ma ke shakka, ba tare da ɗigon ruwa ba. Tun ranar nake bin wannan tambaya, kuma duk ƙwaron da na ɗaga a ƙasar nan, ita nake tararwa ƙarƙashinsa. Mu kukan zafin Maradi muke yi. Shi ƙwaro, ƙishirwa ce babbar abokiyar gabansa.

A fara da ƙanƙantarsa. Ka ajiye dunƙulen fura guda a faranti, gefe kuma ka marmasa wani, ka bar su a rana. Marmashin zai bushe kafin la'asar, dunƙulen kuwa har gobe cikinsa da laima. Abu in ya ƙanƙanta, bayansa sai ya yi wa cikinsa yawa, kuma ta baya ruwa ke tserewa. Ƙwaro marmashi ne. Da fatarsa irin tamu ce, da ranar Afrilu ta mai da shi ƙaiƙayi kafin a kira azahar. Abin da ya tsare shi wani shafe ne na kaki, ɗan'uwan kakin zuma, a saman ɓawon jikinsa, siriri har ido ba ya ganinsa. Shi ya sa in ka ɗiga wa kyankyaso ruwa a baya, sai ɗigon ya dunƙule ya gangare. Kakin da ya hana ruwan waje shiga, shi ya hana na ciki fita.

Sai numfashi, nan babbar ɓarakar take. Duk mai shaƙar iska yana hasarar ruwa. Hura wa madubi ka gani. Ƙwaro ba shi da hanci, ba shi da huhu. Ƙananan ƙofofi ne jere a gefen jikinsa, dama da hagu, ba su wuce 10 a kowane gefe ba, daga nan ƴan bututu suka ratsa jiki suna kai iska har ga tsoka kai tsaye. Nakan sayi fara wajen matan da ke soya ta a bakin kasuwa, in roƙe su su ɗebo mini wadda ba a barbaɗa wa yaji ba, in tafi da ita aji tare da gilashin ƙara girman abu. Ɗalibai sukan jeru su ga ɗige-ɗigen nan a gefen cikinta, ɗaya a kowace gaɓa. Rabin farar ba ta dawowa teburina, amma wannan wata magana ce. Kowace ƙofa da murfinta da tsokar da ke ja ta rufe. Ƙwari da yawa, in suna hutawa, sukan rufe duka su daɗe, sai gurɓatacciyar iska ta taru sannan su buɗe su sauke ta gaba ɗaya, su sake rufewa. Haka mai shago yake yi ranar da ƙura ta taso: ƙofa a saye, sai mai saye ya ƙwanƙwasa.

Bayan gida ma da nasa tattalin. Wanda ya taɓa duba kashin ƙadangare a bango ya ga ɗan farin nan a ƙarshensa, na kaza ma haka. Farin nan shi ne fitsarinsu. Mu sai mun narkar da dattin jini cikin ruwa mai yawa kafin mu fitar, su kuwa sukan mai da shi wani gari da ba ya bukatar ruwa. Ƙwari ma haka suke yi, sannan ƙarshen hanjinsu ya tatse duk laimar da ta rage kafin a saki. In ka fasa ƙwayar waken da tsutsa ta ci, garin da za ka gani cushe a ramin kashinta ne, a bushe kamar ƙura. A hamadar Namib, can kudancin Afirka, akwai wani baƙin buzuzu da ke hawa tudun yashi da asuba ya yi goho ya tari hazon da ke tasowa daga teku, raɓa ta taru a bayansa ta gangaro bakinsa. Mu ba mu da teku. Namu hazon ƙura ce zalla.

Duk wannan tattali ne, tattali kuwa sai da abin hannu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. To ina asalin ruwan cikin? Busasshen wake yana da ƴar laima, kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, amma ba ta isa. Sauran ƙwaron ne yake haɗawa da kansa. In jiki ya ƙona abinci da iskar oksijin, abu uku ke fita: ƙarfi, gurɓatacciyar iska, da ruwa. Giram 100 na sitaci yakan ba da ruwa kusan giram 56. Giram 100 na kitse yakan ba da 107, fiye da nauyinsa, don iskar da aka shaƙa ta shiga lissafin. Mu ma jikinmu yana yi, kamar kofi guda a yini, amma wa zai lura da kofi guda a garin da ake shanye tulu kafin azahar? Ga tsutsar da ta toshe duk wata ɓaraka kuwa, wannan ɗan abu rijiya ce. Ɗumin da na ji cikin buhun, wutar wannan girki ce, ta dubban murahu a lokaci guda.

Ga yadda rayuwarsa take. Uwar takan manna ƙwanta a bayan wake, sau da yawa tun yana gona. Tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki kai tsaye, ba ta ko ganin rana. A zafinmu, mako uku zuwa huɗu ta gama, ta yanke zagayayyen murfin nan ta fito babban ƙwaro. Babban ba ya bukatar ci ko sha. Da guzurin da ya tara yana tsutsa yake yin mako ɗaya ko biyu, macen ta zuba ƙwai masu yawa, wani lokaci har kusan 100, ta mutu. Wata huɗun da na yi ina lissafin riba, su zuriya uku ko huɗu suka yi.

Da na gane wannan sai na koma kan maganar Inna da kunya. Toka aiki biyu take yi. Tana cike guraben da ke tsakanin ƙwayoyin wake, ƙwaro ya rasa hanyar da zai bi ya sami mace ko wurin zuba ƙwai. Sannan tana goge kakin nan na bayansa tana tsotse shi, ruwan jikinsa ya kama tsiyaya har ya bushe. Tsofaffinmu ba su taɓa ganin kakin ba, amma daidai kansa suka saki duka. Matsalar toka ita ce yawa: kusan tiya da tiya ake haɗawa. Na tulu ɗaya murhun Inna ya isa. Na buhu shida sai ka bi gidajen unguwa duka kana bara.

Shekara ta gaba na je kasuwa neman ƙwayar maganin nan mai warin tafarnuwa da ƴan kasuwa ke jefawa a buhu. Wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda na taɓa koyar da ɗansa, ya riƙe mini hannu.

"Malam, bar wannan. Iyalinka za su ci waken nan. Sayi buhu mai leda biyu, ka ɗaure shi da kyau, ka dawo ka ba ni labari."

Buhun PICS yake nufi: leda biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sannan buhu na waje, kowane a murɗe bakinsa a ɗaure shi daban. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka tsara shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007, kuma da yawa daga gwaje-gwajensa a nan INRAN ta Maradi, cibiyar binciken noma ta Nijar, aka yi su. Kowa ka tambaya zai ce maka shaƙewa ƙwaron yake yi ya mutu, ni ma haka na ɗauka. Sakamakon da masu binciken suka buga a 2012 ya nuna abin ya fi haka zurfi. Ƙwarin da kansu suke shanye oksijin ɗin da ke cikin ledar. In ya yi ƙasa sosai sai tsutsa ta daina ci, ta lafe. Ba oksijin, ba ƙona abinci. Ba ƙona abinci, rijiya ta ƙafe. Ruwan jiki kuwa bai fasa tsiyaya kaɗan-kaɗan ba. Ƙishirwa ce take ƙarasa ta, a tsakiyar abinci har wuya. Ranar da na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai a zaure: Bature da ledarsa, Inna da tokarta, ashe ƙofa ɗaya suka bi.

Sai dai fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Huji ɗaya na ɓera ko na tsinke ya isa ya mai da ledar banza. Ni kafin in zuba wake sai na cika kowace leda da iska, na murɗe bakin, na danna da gwiwa ina saurare.

Zafin fa? Ban ce ba ya kisa ba. Waken da aka shanya bisa baƙar leda aka rufe da farar leda wadda hasken rana ke ratsawa, in ya kai digiri 57 ya yi awa ɗaya a haka, ba ƙwai ba tsutsa da ke saura. Mu in zafi ya matsa sai mu yi gumi, wato mu sayi sanyi da ruwa. Ƙwaro ba shi da wannan kuɗin. Shi ya sa nake jinjina wa wata tururuwa ta Sahara mai ƙyalli kamar azurfa, Cataglyphis bombycina. Tsakar rana take fita, sa'ad da yashi ke iya kai digiri 70, ƙadangarun da ke cinta sun gudu inuwa, ta tsinci gawar ƙwarin da rana ta kashe. Jikinta na iya kai digiri 53 da ɗoriya kafin ta faɗi, kuma a bakin wannan iyakar take kiwo, na kamar minti goma. A 2015 aka gano sirrin ƙyallin: gashin bayanta mai kusurwa uku ne, yana mai da hasken rana kamar madubi, yana kuma taimaka mata ta sauke zafin jikinta. Dogayen ƙafafunta suna ɗaga ta sama da yashi, inda iska ta ɗan fi sauƙi. A 2019 wasu Jamusawa suka auna gudunta a Tunisiya: santimita 85 a daƙiƙa ɗaya, tsawon jikinta sau 108. Abin da ya fi burge ni ba ya ganuwa. Zafi yana lalata sinadaran jiki kamar yadda yake daskarar da farin ƙwai, kuma jikin kowane mai rai yana da wasu sinadarai masu gyara wannan ɓarna, amma galibi sai zafin ya taɓa shi yake haɗa su. Ita tun tana cikin rami take tara nata, kafin ta leƙo. Muna da danginta masu dogayen ƙafafu a nan. Ka duba filin makaranta da ƙarfe ɗaya na rana cikin Mayu, lokacin da ko akuya ta nemi gindin bedi, za ka ga wata tana sheƙa gudu ita kaɗai.

Waɗannan su ne masu tsayawa su yi aiki cikin fari. Mafi yawan ƙwarin ƙasar nan wata hanya suka bi: su rufe shago su jira. Ruwanmu na shekara kamar milimita 500 ne, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Da damana ba ka isa ka kunna fitila a tsakar gida ka ci tuwo lafiya ba. Cikin Janairu ko ɗaya babu. Muna yara mun ɗauka tare da ruwa suke faɗowa daga sama. Ashe ba inda suka je.

Ranin bara na je gaida kawuna a ƙauyensu kusa da Tibiri. Muna zaune gindin darni na zare kara ɗaya na tsage da wuƙa, ba komai. Na biyu, ramin tsutsa ne wayam. A na uku na same ta, kwance cikin ɓargon karan, ta toshe gaba da baya. Wannan ita ce mai huda karan hatsi. Da damana jikinta da ɗige-ɗige baƙaƙe, amma wadda ke hannuna fara ce kamar madara, ba ɗigo ko ɗaya, don har riga take sakewa in za ta shiga jira. Na taɓa ta da tsinke, ta ɗan lanƙwasa, ta koma. Ba barci ba ne irin namu. Tun hatsi na nuna, kafin wahalar ta iso, jikinta ya ba da umarni: girma ya tsaya, wutar ciki ta koma ƴar garwashi, numfashi ya ragu, kitsen da ta tara ya zama abincinta da ruwanta na wata shida ko bakwai. In laimar damana ta sauka sai ta ƙarasa, ta fito faɗa-wuta, ta tashi zuwa sabon hatsin da ke taku kaɗan daga darnin. Kawu ya karɓi karan ya juya shi, ya dubi darni, ya dubi rumbu, ya dubi rumfar da muke ƙarƙashinta, duk kara.

"To, ashe mu muke yi masu gadi duk rani," in ji shi. "Har da ɗaki munka gina masu."

Ƴar'uwarta mai cin zangarniya, wadda ke zana layi a murɗe jikin kan hatsi, ta fi ta haƙuri. Da ta ƙoshi sai ta sauko ta nutse cikin ƙasa, ta naɗe cikin kwanso, ta yi wajen wata goma. Ba ta fitowa da ruwan farko, sai bayan kamar wata guda, daidai lokacin da hatsi ke fid da kai. Zuriya ɗaya a shekara, kuma ba ta saɓa alkawari. Akwai wata ƴar ƙaramar rina mai zuba ƙwai a jikinta ta kashe ta, Habrobracon hebetor, amma ita rinar yawanta yakan ragu ƙwarai da rani. Shi ya sa masu binciken INRAN suke kiwonta, a sa ta cikin ƴan buhunan algarara a kai ƙauyuka kowace damana. Ɓarawo ya iya jira, ɗan gadi bai iya ba.

Farar da ke cin hatsi tun yana ƙarami ita ma ƙwanta na nan binne cikin yashin gona, a dunƙule, da murfin kumfa a samansa, tun ƙarshen damanar bara. In damana ta yi gardama, wani ƙwan yakan ƙetare har wata shekara.

Sauro ne ya daɗe yana ba masana ciwon kai. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro makonni kaɗan yake yi a duniya, ƙwansa kuma ba ya jure bushewa mai tsawo, amma da an yi ruwan farko sai ga shi da yawa, tun kafin sabuwar zuriya ta isa girma. A wani ƙauye na Mali mai suna Thierola, masu bincike suka shafa wa sauro kusan 7,000 alamar fenti a ƙarshen damanar 2008, suka sake su. Bayan wata bakwai, da ruwa ya dawo, suka kama mace ɗaya da fentinta. Ɗaya tak, amma ta isa shaida cewa akwai masu laɓewa su ƙetare rani. A 2019 kuma aka buga wani binciken, shi ma na Mali, inda aka ɗaga raga da balan-balan sama har mita 290, aka kama sauro suna bin iskar dare, tafiyar da ke iya kai kilomita 300 kafin gari ya waye. Wasu sun jira, wasu sun tafi cin rani sun dawo. Kamar mu dai.

Sarkin masu jira kuwa ba ya cikin yashinmu, yana kudu kaɗan, hayin iyaka, a duwatsun arewacin Najeriya. Wanda ya taɓa hawa falalen dutse ya san ƴan kwarmin nan da ruwa ke kwanciya bayan an yi sama, ya ƙafe cikin kwana kaɗan. Cikin lakar gindinsu akwai wata jar tsutsa da ba ta kai santimita ɗaya ba, ɗiyar wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Wani Bature mai suna Vanderplank ne ya tsinto ta, masanin ƙwari Hinton na Jami'ar Bristol ta Ingila ya bayyana ta a 1951, ya raɗa mata suna Polypedilum vanderplanki.

Duk waɗanda na lissafa kokawa suke yi kada ruwa ya fita. Ita sai ta bar shi ya tafi. Takan bushe har ruwan jikinta ya koma kashi 3 cikin 100, ta ƙanƙance ta zama kamar ɓawon barkono. Ba numfashi, ba bugun zuciya, ba wani aikin rai da na'ura za ta iya aunawa. Amma da sharaɗi: sai a hankali. Tana gina wa kanta ɗan bututu na laka da yawu, shi ke jinkirta bushewar ta ɗauki kamar kwana biyu. Cikin kwana biyun nan jikinta yana ta haɗa wani irin sukari da ake kira tirehalos, har ya kai kashi ɗaya cikin biyar na busasshen nauyinta. Sukarin yakan maye gurbin ruwa a kewayen kowane ɗan sashe na jiki, sannan ya daskare kamar gilashi. Wanda ya taɓa ganin mai alewa ya dafa sukari ya zuba bisa faranti ya san abin da nake nufi: duk abin da ya faɗa ciki, a yadda ya faɗa zai tsaya, ba ya motsi ba ya ruɓa. In aka cire ta daga bututun aka busar da ita da gaggawa, mutuwa take yi ta gaske. In ta sami kwana biyunta kuwa, ɗiga mata ruwa, cikin kamar awa ɗaya ta kumbura ta miƙe ta ci gaba da kiwo daga inda ta tsaya.

Hinton ya gwada ta da sanyin digiri 270 ƙasa da sifili, ya gwada ta da zafin da ya ɗara 100 na ɗan lokaci, ta tashi. An sami wadda ta yi shekara 17 a bushe ta tashi. A 2007 aka kai busassunta tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, aka maƙala su a waje fiye da shekara, aka dawo da su aka ba su ruwa, suka tashi. Masu bincike a Japan sun daɗe a kanta, suna neman ko dabararta za ta koya mana adana magunguna a bushe ba tare da firji ba. Duk wanda ya taɓa zama a garin da wuta ke tafiya tsakar bazara ya san darajar wannan nema. Ni abin da ke ɗan cizona shi ne, tsutsar ta maƙwabtanmu ce, yaranmu na Katsina da Zariya suna taka ta a kan dutse, amma sai da na yi furfura na ji labarinta, kuma daga nesa. Yanzu kowace shekara da ita nake buɗe darasi, kafin in taɓa littafi. Ba a taɓa rasa wanda zai ce "Mushe, wallahi?" ba.

Makon jiya hadari ya fara haɗuwa ta gabas, farashin tiya ya motsa, na kwance buhun farko na bana. Waken fes, kamar ranar da aka sussuka shi. Ɗiyar tawa, wadda yanzu take kwaleji, ita ta riƙe bakin leda ina juyewa. A gindin buhun ta tsinci ƙwari matattu, ba su fi goma ba. Ta murza ɗaya tsakanin yatsu, ya marmashe kamar busasshen ganyen kuka. Sauran ta kwashe su cikin murfin kwano, ta ɗiga musu ruwa daga buta, ta ajiye wayata gefe tana duba lokaci. Na san abin da take jira, ban ce komai ba. Awa ɗaya ta cika, ta ƙara musu rabin awa. Suna nan bisa ruwan suna yawo, ƙafafu a sama.

Inna ta fito daga ɗaka da carbinta, ta leƙa.

"Ke, zubar da wannan ƙazanta ki wanke mini murhina. Tun ɗazu nake biɗar shi."